Yadda Hajja Mardiyya Ta Koya wa Gauta Sanyi

Hajja Mardiyya ba ta taɓa buɗe baki ta ce ba za ta je Norwe ba. Wannan kam ko gaban alƙali aka kai ta za ta rantse. Duk sanda ɗanta Khalid ya kira ya ce, "Yumma, komai ya kusa kammala, ki fara shiri," sai ta ce, "To, Allah ya kai mu." Daga nan sai ta ɗauko masa labarin gwiwarta, ta bi da tsadar ruwan da masu jakuna ke kawowa, ta ƙare da akuyar maƙwabta da ta cinye mata igiyar shanya, har bawan Allah ya gaji ya yi sallama.

Khalid shi ne ɗanta tilo. Ya daɗe a can, ya yi aure, an haifa masa 'ya mai suna Israa, wadda yanzu har ta fara famfara, amma kakarta ba ta taɓa ɗora ta a cinya ba, sai dai gani ta gilashin waya. Abin da yake roƙo bai wuce ta zo ta yi musu 'yan watanni ba. Ita kuwa Hajja a Gadarif ta ƙasar Sudan aka haife ta, garin da in an ce ana sanyi, ana nufin mutum ya laluɓo mayafi guda da asuba. Ta ji an ce a Norwe in ka tofar da yawu, kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa. Tsoro take ji, tsoro mai cikakken iko, amma ba ta gaya wa kowa ba. Matar da ta taɓa kashe kububuwa da muciya, ina za ta kai irin wannan magana?

Uzuri dai ya yi ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce gwiwa, Khalid ya ce akwai likitoci. Ta ce gida, ya ce ai ga Tibyan. Tibyan ɗin nan wata matashiya ce da yaƙi ya koro daga Khartum ita da mijinta, Hajja ta ba su ɗaki a gidanta. Mijin yana can gonakin riɗi wajen Doka yana ƙwadago, ita kuma tana zaune da abu ɗaya tak da ta samu ta ɗoro a mota ranar gudu: tallaja, wato firjin nan mai murfi a sama, mai kama da akwatin amarya. A ciki take daskarar da dandurma, ta tsamiya da ta kuka da ta zoɓo, a ƙulle a leda, tana sayarwa ta taga.

Da uzuri ya ƙare kaf, sai Hajja ta tuna da gauta.

Gautan Hajja ba na kasuwa ba ne. Kakarta ce ta ƙullo irin a bakin zani tun daga Katagum, lokacin da suka taso a ƙasa za su Makka. Da suka iso Gadarif aka ce a tsaya a yi girbin dawa sau ɗaya a samu guzuri. Girbi ya zama aure, aure ya zama 'ya'ya, gauta kuma ya samu bayan ɗaki ya zauna abinsa. Ƙanana ne, farare masu zanen kore, ɗacinsu sai wanda ya saba. Hajja da kanta take renon irin a gwangwanayen madara, ruwan alwalarta take ba su, in sun yi ƙwari ta dasa su da la'asar, kowanne da ƙasarsa a gindi, ta kafa masa reshen darbejiya ya tare masa rana.

"Khalid," ta ce, "ka san tun da na yi haƙori ban taɓa wuni ban ci gautan nan ba. Ƙasar da ba ya fita, ni me zan je in ci?"

"Yumma, nan ma ana noma fa. Tsaya ki gani."

Ya juya wayar. Sai ga wata taga, waje fari fat kamar an zazzage buhunan gishiri, ciki kuma an jera 'yan kofuna, kowanne da ɗan tsiro siriri.

"Yanzu ba a shuka a waje, ƙasa ta daskare kamar siminti," in ji shi. "A ɗaki ake renonsu. In sanyi ya fara sauƙi sai a riƙa fitar da su kaɗan-kaɗan, yau ɗan lokaci, gobe a ƙara, har su saba. In aka fitar da su gaba ɗaya rana guda, sai dai a kwashi gawa. In sun saba, ƙanƙara kuma ta ɗauke, sai a dasa."

"Wato koya musu sanyi kuke yi."

"Kusan haka ne."

"Kamar yaye."

"To... i, kamar yaye."

Sai Israa ta tura kai cikin wayar, da giɓinta, da Hausarta mai ɗingishi. Habboba take ce mata, yadda yaran Sudan ke kiran kaka. "Habboba, wannan nawa! Kabeji! Ki zo ki ci shi duka!"

Da aka kashe waya Hajja ta zauna kan angarib ɗinta, gadon igiyar da take hutawa a rumfa. Idonta ya sauka kan tallajar Tibyan tana gurnani a kusurwa. Ta daɗe tana kallonta. Can sai ta yi wani murmushi wanda da Khalid ya gani, da ya san akwai magana.

Kullum da hantsi matan layin sukan taru gidan Asha shan jabana, gahawar nan mai citta da ake tafasawa a ɗan tulu. Asha ƙawar Hajja ce tun suna 'yan mata, kuma babu ranar da ba sa faɗa. Hajja ta bari aka zuba kofin farko, sannan ta gyara murya.

"Ku zama shaida. Zan gwada irin kakata. Zan koya masa sanyi yadda mutanen can suke yi, kaɗan-kaɗan, a tallajar Tibyan. In ya jure, na ɗaure kayana, na ƙulli irinsa, na tafi. In ya mutu, to Allah bai rubuta mini cin abincin ƙasar ba, kada wanda ya ƙara yi mini maganar jirgi."

Asha ta ajiye kofi. "Mardiyya, gauta a tallaja? Ki ce mana ba za ki ba kawai, ki huta mu huta."

"Ni na ce ba zan je ba? Kin ji da kunnenki?"

"Ban ji ba."

"To sha jabanarki."

Maganar da aka faɗa gaban matan nan kuwa ba ta komawa ciki. Kafin azahar har mai jakin ruwa ya ji.

Washegari Hajja ta ware 'yan gwangwanaye kaɗan, sauran ta bar su bayan ɗaki, don duk abinta ba ta wasa da irin kakarta. Ta sunkuya kansu ta ce a hankali, "Ku yafe ni, 'ya'yan nan, lalura ce." Ta kinkimo su zuwa rumfa.

"Hajja, haram alaiki," in ji Tibyan, wadda Hausarta rabi Larabci ce. "Za su mutu fa."

"Ke dai matsar da dandurmarki, 'yar Khartum. Allah ke rayawa."

Ta jera su, ta rufe murfi, ta tafi gidan Asha ta sha kofi ɗaya, ta dawo tana shirya fuskar jimami tun daga zaure. Ta ɗaga murfi. Ga gauta nan tsaye, kore shar, har da ɗan farin ƙanƙara a kan ƙasar gwangwanin.

"Masha Allah," ta ce. "Yau dai ɗanɗano ne. Gobe ma ƙara."

Gobe ta zauna har aka shanye tulu aka sake ɗorawa. Gauta lafiya lau. Jibi ta wuce kasuwa, ta tsaya ta yi ciniki da duk mai tebur, har da wanda ba ta son kayansa. Gauta lafiya lau. Ranar da aka yi walima a ƙarshen layi ta wuni can, ita ce har wanke tukwane, abin da rabonta da shi tun tana amarya. Ta dawo da la'asar ta ɗaga murfi, sai ta ga ɗaya ma ya fitar da sabon ganye.

Ta duba hagu ta duba dama, ba kowa. Ta kai bakinta kusa da shi.

"Kai wane irin gauta ne mara kishin garinsu? A rana aka haife ka, a rana aka haifi ubanka. Me ka sani game da ƙanƙara da za ka zo kana yi mini sabon ganye? Munafuki."

Daga nan fa al'amari ya fi ƙarfinta. Mata suka riƙa zuwa kallo. Asha ta taɓa gwangwani ta janye hannu. "Wallahi sanyi ƙalau! Mardiyya, ashe kakarki Baturiya ce ba mu sani ba." Ta kuma ce tun da tafiya ta tabbata, a bar mata babban turmin nan, kada gara ta ci. Mai jakin ruwa ya koma kiranta Hajja Norwe tun daga bakin titi. Wata ta kawo lambar ɗanta da ke Jamus, wai in Hajja ta isa ta leƙa ta ga ko yana cin abinci.

Khalid kuwa, da ya ga gautan ta waya, ya sosa gemu, don ya san abin da tallaja ke yi wa ganye. Amma mutumin da aka miƙo wa abin da yake nema ba ya tsayawa bincike. "Ikon Allah," kawai ya ce. Ita ko Israa ta ture kabejinta gefe, ta share rabin taga, ta ce nan wurin gautan Habboba ne. Kullum sai ta nuna mata gadon da za ta kwanta, da bargon, da wata 'yar tsana mai kunne ɗaya da ta ce ta ba ta aro.

Tun da idon unguwa na kanta, dole Hajja ta yi kamar mai shiri. Ta kai wa tela bargo sukutum ta ce ya ɗinka mata riga da shi. Telan ya tambaya har sau biyu. Ta sayi safa, ta sa da tsakar rana ta zagaya tsakar gida don ta ji yadda ake tafiya da su, gumi na ɗiga daga haɓarta. Ta daka busasshiyar kuɓewa, ta haɗa turaren wuta, ta sayi lalle. Duk wannan, a faɗarta, don kada mutane su ce. Sai dai ba wanda ya sa ta ce wa Khalid ya auna mata hannun Israa da zare, ba kuma wanda ya aike ta wurin maƙeri ta zaɓi 'yan awarwaro masu ƙararrawa. Ta kawo su ta sa a ƙarƙashin matashi, wani lokaci in ta juya sai ta ji sun yi ƙara.

Duk da haka tsoron bai tafi ba. Da Khalid ya ce mako mai zuwa zai sayi tikiti, sai Hajja ta koma kan angarib. Ta zauna ta yi nazari, ta gano inda matsalar take: tallajar ce. Ai ita ma 'yar gudun hijira ce, ta sha hanya, ta gaji, sanyinta ya rage. Ta kuma lura da wani ɗan maɓalli a gefe da Tibyan ke murɗawa in tana son dandurma ta yi saurin kamawa.

Ran nan ta sa gauta kamar kullum, ta yi sallama da ƙarfi, ta fita. Ta kai ƙofar Asha, ta ce af, ta manta carbi. Ta zagaya ta ƙofar baya, ta tuɓe takalma ta riƙe a hannu, ta bi jikin bango tana sanɗa da gwiwar nan tata mai ciwo. Rumfa ba kowa. Ta murɗe maɓallin har ƙarshe. Sai ta ce bari ta yi musu kallon bankwana. Ta ɗaga murfi.

Tsamiya, kuka, zoɓo. Babu gauta ko ɗaya.

Ta juya a hankali. Can bayan randa, kan jiƙaƙƙen buhu, inda ya fi ko'ina daɗin inuwa a gidan, ga su nan a jere suna shan iska kamar baƙin da aka ce su jira a kawo abinci. Daidai nan Tibyan ta fito daga kicin riƙe da cokali da ɗan kofi, waɗanda take kankaro ƙanƙara da su daga jikin tallaja tana barbaɗa musu, ta mayar da su ciki in ta ji sallamar Hajja.

Suka tsaya suna kallon juna.

"Tibyan. Mene ne wannan?"

"Cokali ne, Hajja."

"Na ga cokali! Tun yaushe?"

"Tun ranar farko." Sai idonta ya sauka kan hannun Hajja. "Ke kuma me ya dawo da ke ta baya, takalmi a hannu?"

"Carbi na manta."

"Ga shi a wuyanki. Kuma wa ya murɗe mini tallaja har tana kuka haka?"

Hajja ta taɓa carbin a wuyanta. Ta nemi bakin angarib ta zauna, ta ajiye takalman. "Kin san abin da kika jawo mini? An ɗinka mini rigar bargo. Asha ta sa rana za ta ɗauke turmina. Na zagi irin kakata, na ce masa munafuki, alhali bawan Allah yana bayan randa bai san hawa ba bai san sauka ba."

"Ni ban san so kike su mutu ba, wallahi," in ji Tibyan. "Gani na yi in kun gama waya da Israa, kina daɗewa riƙe da wayar bayan ta yi duhu. Na ce matar nan tana son jikarta, gauta zai tare mata hanya. Ni uwata tana Masar, ban san ranar da zan gan ta ba. Ke an buɗe miki ƙofa, sai ki tsaya shawara da ganye?"

"Ba ki tsoron in tafi dangin marigayi mijina su zo su ce ki tashi?"

"Ina tsoro mana. Shi ya sa duk sanda na fito da su sai na zage su tukuna."

Hajja ta so ta daure, abin ya gagara. Dariya ta ƙwace mata har tana riƙe gwiwa. Da ta lafa ta share ido da bakin mayafi ta ce, "To an zage su ta gaba an zage su ta baya. Yanzu a yi gwajin gaskiya. Na yi magana gaban mutane, ba zan tsaya kan ƙarya ba. Miƙo biyu."

Ta sa su da hannunta, ta rufe, ta hau kan murfin ta zauna daram, ƙafafu na reto. Nan Tibyan ta hura gawayi ta dafa musu jabana, nan suka sha. Masu sayen dandurma suka yi ta ƙwanƙwasa taga ana ce musu a dawo an jima, Hajja na kan kaya. Sai da rana ta karkata sannan ta sauko.

Ba sai an tambaya ba. Ganyen sun yi tauri kamar gilashi, da suka sha iskar waje kuma suka yi baƙi suka langaɓe a bakin gwangwani kamar dafaffen alayyafo.

"Shi ke nan, Hajja," Tibyan ta ce a sanyaye. "Kin ci. In kira su Asha su gani?"

Hajja ta riƙe gwangwani a cinya. Ga abin da ta yi ta nema ya samu, hujja a hannu, mai shaida a tsaye. Ta jira ta ji daɗin ya zo, bai zo ba. Abin da ta ji kawai shi ne wani rami a ƙirji, kamar ranar da Khalid ya fara tafiya.

Sai waya ta yi ƙara.

Israa ce, ta kawo fuska kusa har hancinta ya cika gilashin. "Habboba! Gauta ya mutu? Baba ya ce in ya mutu ba ki zuwa."

Hajja ta dubi yarinyar. Ta dubi abin da ke cinyarta. A hankali, ba tare da ta sauke wayar ba, ta zame gwangwanin ƙasa, ta tura shi ƙarƙashin angarib da diddige, ta bi da ɗan'uwansa. Ta miƙa hannu gefe tana kaɗa yatsu. Tibyan ta gane, ta ruga bayan randa ta ɗora mata mai sabon ganyen nan a tafi.

"Wa ya ce ya mutu? Ga shi nan, ya fi babanki lafiya. Ba ni baban naki."

Khalid ya karɓa. "Yumma?"

"Sayi tikitin. Amma ka haɗa da na dawowa, kafin ƙanƙararku ta komo, don ni ba kabeji ba ce. Gidan nan kuma yana hannun Tibyan har in dawo. Ka kira baffanka yau ka gaya masa da bakinka, kada in ji kada in gani."

Ta kashe wayar kafin ya fara godiya, don ta san in ya fara sai ya sa ta kuka.

Tibyan ta rufe baki da hannu. "Hajja, ƙarya fa kika yi wa yarinya."

"Ke kika fara, ni ƙarasawa na yi. Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Jawo matattun nan ki binne bayan ɗaki tun kafin..."

"Salamu alaikum! Mardiyya, carbin ne har yanzu?"

Muryar Asha ce a zaure, da wasu biyu a bayanta. Hajja ta yi wuf ta gyara zama a tsakiyar angarib, ta baza mayafinta har ƙasa ya rufe ƙarƙashin gadon ruf, ta ɗora gauta mai rai a cinya.

"Ku shigo," ta ce. "Amma daga nan gefe za ku zauna. Yau ba na matsawa, gwiwa ta tashi."